Baƙar Kazar Jar Mota

Jama'a, yau saura ƙiris asirina ya tonu a kasuwar Kore Mairuwa!

Kun san jar motar nan mai kujera biyu, wadda maigidana ya saya wurin Bature lokacin da aka samu 'yancin kai. Gudu kamar barewa, amma sai ta mutu ba dalili. Ni direbanta na gano in an ƙwanƙwasa kafireta da sifana take tashi. Allah ya yafe mini, sai na ce masa aljana doguwa ce a ciki, tana son baƙar kaza duk Juma'a. Ni ke cinyewa!

Yau ta mutu tsakiyar kasuwa. Maigida ya kira Inna, tsohuwar 'yar bori. Gumi ya karyo mini!

Ta lulluɓe mu, ni da ita da injin, cikin zanenta, ta raɗa mini, "Ƙwanƙwasa, ja'iri, na ga ƙarfen cikin hannun rigarka."

Na ƙwanƙwasa. Maigida ya murza makulli, mota ta tashi!

Ya ce, "Inna, me doguwar ta ce?"

Ta ce, "Kazar ba ta isa gare ta. Daga yau gidana za a riƙa kai ta."