Sunan da Malam Idi Ya Kasa Faɗa

Da safen nan aka bugo mini talho daga Paris, wai Malam Idi ya rasu. Ina tsaye ina dama kunu, sai na nemi kujera na zauna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi boko ba. Ɗiyata Rabi ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ɗan garinmu ne can gida, kanton Rijiyar Kalgo, wato gundumarmu. Shi da maigidana, Allah jiƙansa, kamfani guda suka yi aiki a Saint-Fons, nan gefen Lyon. Da aka kawo ni unguwar Minguettes ta Vénissieux ban san komai ba, shi ya koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ki riƙa ƙirga tasha da yatsu, in hannu guda ya ƙare ki sauka.

Da ya koma Paris wurin babban ɗansa Abba, bai taɓa zuwa Lyon hannu wofi ba. Busasshiyar kuɓewa ce daga kasuwar Barbès, ko daddawa. Yana shigowa zai ce, "Jikar Mai Rijiya, kin gaji ko kin tsufa?"

Mai Rijiya kakana ne. Shi ya haƙa rijiyar da garinmu ya zauna a kanta. Ranar da kwamandan Nasara ya zo yana yanka ƙasa kanto-kanto, kakana yana can ƙasan rijiya yana yasa. Wanda ya riƙe wa Nasara doki shi aka rubuta, shi aka ba sarauta. Kanto ya ci sunan rijiya, mai rijiya kuwa bai shiga takarda ba.

Ban san sunansa na yanka ba. Babana ya rasu ina goye. Kakata da ta rene ni, kun san matan da, har ta koma ga Allah ba ta kama sunan mijinta ba. Tsofaffi duk sun tafi, saura Malam Idi.

Sau biyu na tambaye shi. Sau biyu yana sunkuyar da kai, ya kawo zancen sanyi. Sai tsoro ya kama ni. Na ce ko kakana ya yi wani abin kunya ne? Ko yana cikin masu nuna gidajen mutane a kai su aikin tilas? Ban ƙara tambayarsa ba, shekara da shekaru.

Watan jiya Abba ya ce mini jikin tsoho ya yi nauyi. Na hau jirgin ƙasa. Na same shi kwance ya rame, amma bakin nan yana nan.

Ya ce, "Kin zo ki ga ko na riga ki?"

Na ce, "Yaya, na zo neman sunan kakana. Ko me ya aikata, faɗa mini, zan iya ɗauka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Aikata me? Ashe abin da kike riƙe da shi ke nan?"

Sai ya ɗaga hannu ya yafito Abba. "Kai, faɗa wa gwaggonka sunanka."

Abba ya ce, "Zakari."

Malam Idi ya ce, bai dube shi ba, "To, kin ji. Shekarar da ruwa ya ƙafe, kakanki ya shayar da gidanmu da garkenmu bai karɓi ko zangarniya ba. Babana ya sa na yi alkawarin sa wa ɗana sunan kakanki. Ni kuma ta yaya zan kama sunan ɗan fari da bakina?"

Wato kunyar ɗan fari ce kawai. Yaron da na yi wa wanka a Vénissieux, sunan kakana ne a kansa, muna ta Abba, Abba.

Na yi kuka, na yi dariya. Ya ce mini sakarya.

Yau ina jin rashinsa ƙwarai, amma wallahi zuciyata sakayau take. Da na ƙara jinkirin wata guda, da sunan ya bi shi kabari, ni kuma in mutu ina zargin mutumin kirki.

Allah Ya gafarta wa Malam Idi, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Abba da ƙannensa haƙuri.

Ku da kuke karantawa, ku sa shi a addu'a. Ku haɗa da Zakari Mai Rijiya. Rabi, rubuta shi da kyau.