Mazari da Murfin Tanki

A masana'antarmu ana jiƙa ɓawon rogo a zuba yis irin na burodi, a rufe ya tsima, sannan a dafa a tace. Abin da ke fita shi ne itanol, wanda ake gaurayawa da fetur a zuba wa motoci. Mai kula da tankunan tsimin shi muke kira Mazari, don jikinsa ba ya daina rawa. Ya yi faci, ya yi dako, ya tuƙa babur, babu inda ya shekara. Nan ne kawai ya fara kama ƙasa.

Sai dai tsimi ba ya son leƙe. In an rufe tanki, sai a bar shi har ya gama tafasar kansa, in iska ta yawaita shiga kuwa ya yi tsami, ya tashi daga aiki. Mazari kuma da ya ji ƙugi a ciki sai hannunsa ya kai ga murfi.

Da tanki na biyu ya lalace, manaja ya kira shi ofishinmu.

"Kawu, jariri ne a ciki da za ka riƙa dubawa?"

"Ranka ya daɗe, numfashi na ji yana yi."

"To bar shi ya yi. In na uku ya yi tsami, ka nemi wani wurin."

Matarsa ta ji labari. Washegari ta kawo masa abinci da kanta, ta haɗo da kwaɗon ɗakin ajiyarta. Ta sa shi ya datse murfin tanki na uku a gabanta, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

"In na buƙata fa?"

"Ka san hanyar gida, Malam. Kafin ka kai, ƙaiƙayin ya wuce."

Kwanakin nan mun sha kallo. Ya share fili, ya sake sharewa. Ya wanke durom ɗin da ba nasa ba, ya kara kunne a jikin tanki, ya zagaya, ya dawo. Sau ɗaya ya kai har bakin ƙofa zai tafi gida, maigadi ya miƙa masa benci, ya ƙi zama.

Ran buɗewa matarsa ta zo da makullin. Manaja ya sunsuna, ya sa ma'auni, ya ce a tura wurin dafawa. Mazari bai tsaya jin yabo ba, ya riga ya fara cika tanki na gaba, yana tambayarta ko akwai wani kwaɗon a gida.