Ɗoɗɗoyar Bayan Randa

Mutanen gidan mijina a Kashin Zama shuka ɗaya suka sani, albasa. Ka dasa, ka yi ban ruwa, lawashi ya kwanta ka tone, ka share wuri. A wurinsu duk abin da ya yi fure ya zubar da iri ya gama aikinsa a duniya. Da a gona suka bar wannan ra'ayi nasu, da ba ruwana.

Ɗoɗɗoyata Inna ce ta kawo ta daga Andarai cikin fasasshiyar tukunya, ina amarya. Ita ta durƙusa a bayan randa, inda ruwa ke ɗiga, ta dasa ta da hannunta. Ta ce in riƙa tsinke kan da zarar ya fara fure, don ta yi rassa. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, nakan jingina mata guntun zana, ruwan alwalata kuma a gindinta yake ƙarewa. Ta yi kauri har gindin ya zama itace. Kowa a gidan ya ci ganyenta a miya, kowa ya sha ta a shayi in mura ta kama shi, har da maigidan da ke kiranta "hakin nan naki". Bayan Inna ta rasu aka raba gidanmu, wanda ya gaji wurin ya malale tsakar gida da siminti, har da inda ɗoɗɗoyar Inna take. Tawa kaɗai ta rage.

A shekarar da abin ya faru da gangan na bar ta ta yi fure, don ƙanwata da ke aure a Fagada ta roƙe ni iri. Furen ya bushe, ganye ya ragu, kamar yadda take yi kowane rani. Na tafi suna Jega na kwana. Ina dawowa na tarar da rudu, rumbun karan da suke ajiye albasa, tsaye a bayan randata. An ture ƙayar gefe.

Na tambayi maigidan ina ɗoɗɗoyata. Ko kai bai ɗaga ba, yana tsince ruɓaɓɓun albasa.

"Ta yi hure, ta zubda ɗiya, mi yar rage? Na hidda ta."

"Malam, an ce maka albasa ta? Shekara nawa kana ganinta wuri guda, ka taɓa ganin na sake dashe?"

"Haki na dai. In damana ta zo wani ya hito."

A turken awaki na same ta, sun cinye ganyen sun bar saiwa a rana. Na jiƙa ta, na sake binnewa, na yi ta ɗura mata ruwa har maƙwabta suka fara yi mini kallon taɓaɓɓiya. Ba ta tashi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba mugunta ya yi ba. Bai ma ga akwai abin tambaya ba. Mutumin da ke gane albasar da za ta ruɓe tun daga nesa, ya kasa lura da abin da yake ratsawa kullum in zai ɗebi ruwa. Na daina yi masa magana in ba dole ba, shi kuwa ya ɗauka ciwon kai nake fama da shi.

Da ruwan farko ya sauka, irin da ya zube ya tsiro a ƙafafun rudu, ƙanana birjik. Ya kira ni yana murmushi, wai maganarsa ta fito.

"Ga abinki nan ya komo. Hushin mi kika ta yi?"

Na durƙusa na murza ganye ɗaya. Ƙanshin dai shi ne.

Na ce, "Ɗiyanta na. Ni ma ɗiyar Inna ta, ka ga na zama ita?"

Na jawo ƙayar na kewaye su, ban ce ya taya ni ba.