Notin da Na Ɗaura a Jelar Jirgin Abokina

Shekarun baya, can cikin shekarun tamanin, lokacin da bakina ya fi hannuna aiki, na yi wani abu a Amurka wanda har yau in na tuna sai na yi istigfari. Wasunku da muka taɓa haɗuwa sun tambaye ni dalilin da nake yawo da wani tsohon noti a jikin makullaina. To ga labarinsa.

Ni bakanike ne. Firamare kawai na gama, sauran karatun a ƙarƙashin mota na yi shi a Kano. Aikin tuƙi ne ya kai ni Washington, daga baya na koma gyaran motocin tasi a wani gareji. A nan na haɗu da abokina. Ya kawo motarsa gyara, ya ji ina zagin wani ƙarfe da Hausa, sai ya leƙo ƙarƙashin motar ya ce, "Malam, me ya yi maka da zafi haka?" Mutumin Filato ne, Kirista, injiniya, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin kudu maso yammacin birnin. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Bakano.

Ranar da na fara zuwa gidansa a garin Clinton, na tarar da motarsa a waje dusar ƙanƙara ta rufe ta, alhali ga gareji. Da ya ɗaga ƙofar sai na ga wani ƙwarangwal na katako da bututun ƙarfe ya cika wurin.

Na ce, "Kwalekwale kake sassaƙawa?"

Ya ce, "Jirgin sama ne. Mai kujera biyu."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya shimfiɗa mini manyan takardun zanen da ya aika aka kawo masa ta gidan waya, ya nuna mini inda ya kai. Shekara uku ke nan yana aikin, bayan ya koyi tuƙin jirgi ya samu lasin. Kafin magariba dariyata ta ƙare. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Kowace sifana da gurbinta a bango, in ya gama aiki sai ya ƙirga su. Katako guda zai iya sa shi ya yini yana gogewa.

Daga nan duk Asabar ina can. Ina riƙe masa, ina ɗaurewa, ina kuma cika masa kunne da cewa mu a Kano da waya da tsohuwar roba muke tayar da mataccen inji. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bakano, in motarka ta mutu ka gangara gefen titi. A sama ina gefen titin yake?"

Yana da wata doka. Duk notin da ɗayanmu ya ɗaure, sai ɗayan ya zo ya duba da idonsa, ya gwada da sifana, sannan ya shafa masa jan farce. Wanda ya ɗaure ba shi ne zai shafa ba. In ka ga ja a jikin noti, to ido biyu sun gan shi. Jan farcen na matarsa ne, ma'aikaciyar jinya ce, kuma takan tsaya a bakin ƙofa da kwanon gwate, faten mutanen Filato, ta ce, "Wannan jirgin ya fi ni kwalliya. Malam, ka gaya wa abokinka ya saya mini wani."

Notinan kansu ba irin na kasuwa ba ne. Na jirgi ne, kowanne da ɗan tambari a kansa, kuma daga nesa ake aiko su, sai an jira mako biyu.

Wata Asabar da rana muna aiki a cikin jelar jirgin. Akwai wani dogon bututu da ya taso daga sandar da matuƙi ke riƙewa, ya tafi har ƙarshen jela, shi ne ke ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi. Noti guda ne ke haɗa bututun da jelar. Abokina ya miƙo mini shi, sai matarsa ta kira shi ana nemansa a tarho. Ya ce, "Ka sa shi, ina zuwa in duba."

Hannuna da maiƙo. Notin ya suɓuce, ya gangara, ina kallonsa ya faɗa magudanar ruwan da ke tsakiyar garejin. Na zura yatsa, na zura waya, babu. Kuma na san shi kaɗai ne ya rage mai wannan girman.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In jira shi in ce na ɓatar. Amma ni da na shekara ina cika baki? Na laluba aljihuna, kamar kowane bakanike ba a rasa ni da tarkace, na ci karo da wani noti da na kwance daga jikin tasi. Na gwada, ya shiga. Ya ɗan fi wancan siranta, kaɗan ƙwarai, sai na ce a raina irinsa ne ke riƙe motocin haya a hanyar Zariya da lodi har sama. Na ɗaure shi tamau. Sannan na ɗauki kwalbar jan farcen na shafa da hannuna.

Tarhon ya daɗe. Da ya dawo hankalinsa a rabe, ya leƙa da tocila, ya hango ja, ya ce, "Au, na duba wannan kafin in fita?"

Na ce, "Ka duba."

Kalma biyu ke nan. Su ne nake neman gafararsu har yau.

Bayan wata biyu aka gama jirgin, aka ja shi zuwa wani ƙaramin filin jirgi. Sufeton gwamnati ya kusa zuwa dubawa, sai abokina ya ce a ɗage, yana so ya sake bin komai. Mako uku ya yi shi kaɗai da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori, bai neme ni ba. Ni kuma don in rufe tsorona sai na riƙa tsokanarsa. "Injiniya, ko dai tsoro ne? In ba za ka iya ba ka ba ni in tashe shi." Ya ce, "Tsoro ne mana. Wanda ba ya tsoro ai ba na hawa jirginsa."

Dokar gwamnati ta ce sai wanda ya ƙera jirgi ya tuƙa shi shi kaɗai na awa arba'in kafin ya ɗauki wani. Ya kuma yi mini alkawari tun tuni cewa ni ne mutum na farko da zai zauna a kujera ta biyu.

Ranar tashin farko ba zan manta da ita ba. Ya zagaya jirgin yana taɓa ko'ina da tafin hannu. Ya tsiyayi mai a ɗan kofin gilashi ya ɗaga wa rana don ya ga ko da ruwa a ciki. Ya karanta takardar dubawarsa layi-layi da babbar murya, alhali ya haddace ta. Sannan farfela ta juya, jirgin ya ruga, ya rabu da ƙasa a hankali kamar ba ya so ya tashe ta daga barci. Abin da aka ƙera a inda ake ajiye mota! Turawan da ke wurin suka yi ta tafi. Ni ina jingine da shinge, idona a kan jela, bakina yana ta addu'a.

Haka muka yi watanni. Duk ranar da zai tashi ina wurin, kusa da matarsa, carbi a hannu. Wata rana ta ce masa, "Ka ga Malam? Ko ɗan'uwanka na jini ba zai yi maka addu'a haka ba." Na sunkuyar da kai, ta ɗauka kunya ce. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa. Sai in ce ai ya yi awa goma bai samu matsala ba. Ai ya yi ashirin. Kullum faɗar tana ƙara nauyi.

Awa arba'in ta cika. Wata safiya mai haske ya ce, "Bakano, yau ranarka ce." Na shiga, ya ɗaure mini bel da kansa. Matarsa tana tsaye jikin fiffike za ta ɗauke mu hoto. Ya fara karanta takardarsa. Ya ja sandar nan baya, na ji bututun yana motsi a ƙarƙashin kujerata, yana tafiya har inda notina yake.

Na ce, "Injiniya, dakata."

"Fitsari? Je ka yi, babu bayi a sama."

Na ce, "Notin jela. Ba naka ba ne. Naka ya faɗa magudana. Na tasi na sa, kuma ni na shafa jan. Ba ka duba ba."

Ya zura hannu a aljihun rigarsa na ƙirji, ya ciro wani abu ya ajiye mini a tafin hannu. Notina ne, da busasshen jan farce a jikinsa.

Ya ce, "Babu tambari a kansa. Kuma ni layi nake ja, kai ka ɗiga kamar mai sa wa amarya lalle. Tun kafin sufeto ya zo na cire shi. Mako ukun nan da kake ce mini matsoraci, duk abin da hannunka ya taɓa nake kwancewa."

Na ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ka a lokacin, da ka rantse. In ka rantse kuma shi ke nan, na rasa aboki. Sai na ce bari in jira."

"In da ban faɗa ba fa?"

"Da na ce inji yana wani ƙara da ban yarda da shi ba, mu koma gida mu sha gwate. Da kuma ba ka ƙara taɓa mini sifana ba."

Matarsa ta ji komai. Ashe ita bai gaya mata ba. Ta sauke kyamarar a hankali ta ce, "Malam. Awa arba'in kana tsaye kusa da ni. Kana kallon mijina a sama. Sai yau da ka ɗora naka jikin ne bakinka ya buɗe?"

Gaskiya ta faɗa. Ta juya ta shiga mota. Sai da aka yi wata huɗu kafin ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Na fara kwance bel zan sauka. Ya ce, "Ina za ka? Sauka za ka yi, amma ga tocila, ga madubi. Je ka duba notin da na sa. Ni na ɗaure shi, babu wanda ya duba mini. Wata biyar ke nan yana jiran ido na biyu." Na buɗe ɗan murfin jelar na leƙa. Ga sabon noti da tambarinsa, babu ja a jikinsa. Na gwada shi da sifana. Ya miƙo mini kwalbar jan farcen. Na ja layi.

Mun tashi a ranar. Na ga gonaki da rumbunan taba, na ga kogi yana ƙyalli, motoci kamar tururuwa. Jirgin yana bin hannunsa kamar doki mai ladabi, da yatsa uku kawai yake riƙe sandar. Zan so in ce na yi jarumta, amma jakar takardar da ya ba ni saboda amai ta yi amfani sau biyu.

Abokina ya yi shekaru yana tuƙa jirgin nan ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Daga baya ya koma Jos, a can ya rasu a kan gadonsa, cikin jikokinsa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa.

Na koma bakin aikina da wata ɗabi'a da abokan aiki suka riƙa yi mini dariya a kanta. In na gyara birki, sai na kira wani ya duba. In na ɓata abu, kafin a tambaya na faɗa. Amma kada in yaudare ku, wannan bai goge komai ba. Mutane suna jin labarin su ce ai ka faɗi gaskiya a ƙarshe. A'a. Tsoron raina ne ya faɗe ta. Shi ya san haka sarai, ya kuma miƙo mini kwalbar.

Notin yana nan a jikin makullaina. Jan ya kusa gogewa. Kwanaki jikata ta ce in kawo ta sake shafa masa nata. Na ce ta bar shi, wannan ba a duba shi ba.