Ranar da Mama ta shiga gulbi

Mahaifiyata ta yi fiye da rabin rayuwarta tana sayar da kifi, amma ba ta taɓa yarda ruwa ya wuce mata idon sawu ba. Daga kudu ta zo Birnin Kebbi tana amarya, ta biyo mahaifinmu mai sayar da kayan gyaran babur. A nan ta haife mu duka, a nan ta koyi Hausa irin ta Kabawa, har ta kai idan kana jin muryarta daga nesa tana ciniki ba za ka ce ba 'yar gari ba ce. A rumfarta ta kasuwa akwai manja da garin rogo da kifi banda. Kifin daga Argungu take saro shi, wurin wata Hajiya mai banda, matar wani masunci da ake ce wa Malam. Da ciniki suka fara, suka ƙare da aminci. Hajiya tana ce mata Madam, mu kuma yara Inna muke kiran Hajiya.

Tsoron ruwan yana da asali. Tana yarinya a garinsu kwalekwale ya kife da su a hanyar zuwa gona. Babu wanda ya rasu, wata ƙanwar mahaifiyarta ce ta cafko ta da zane ta fito da ita. Amma tun daga ranar ko wanka za ta yi, ba ta zuba ruwa a ka sai ta sunkuya ta riƙe bango.

Ikilisiyarmu kuwa nutsar da mutum cikin ruwa take yi a baftisma. Akwai wani kwarmi na siminti a bayan majami'a da ake cika wa ruwa idan lokaci ya yi. Mama ta fi kowa zuwa sujada, ita ce mai buga tulu a zumuntar mata, kuma babu gidan rasuwa ko na haihuwa da ba a ganinta da kula a hannu. Duk da haka ba a taɓa yi mata baftisma ba. Idan aka buɗe ajin masu shirin baftisma sai ta shiga, ta amsa tambayoyi fiye da matasa. Da ranar ta matso sai ciwon kai ya kama ta, ko kuma tafiyar sari ta taso. Fastoci sun zo sun tafi, kowa ya yi nasa ƙoƙarin ya haƙura. Mahaifinmu ya yi ta tsokanarta a kan haka har Allah ya yi masa rasuwa. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Sai ranar da tsoron ya bar ni. Ba zan je gaban Ubangiji jikina na rawa ba."

Da ta haura sittin idonta ya fara rauni, ƙananan baƙaƙe suka gagare ta. Ni malamar firamare ce, idan na tashi daga makaranta nakan biya ta rumfarta. Lokacin rana ta take, masu saye sun ragu, sai ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki daga ƙarƙashin tebur, duk bangonsa ya sha manja, ta ce in karanta mata. Haka muka bi bishara a hankali, ana katse mu da "Madam, a ba ni gari," mu tsaya, mu ci gaba.

Wata rana muka iso labarin da almajiran Yesu suke cikin jirgi iska na kaɗa su, suka hango shi yana tafiya a kan ruwa, ɗayansu ya roƙa a bar shi ya taka ruwa ya je wurin Ubangiji. Ya fita, ya fara tafiya, ya ga ƙarfin iska, tsoro ya kama shi, ya soma nutsewa, ya yi kuka a cece shi. Labari ne da Mama ta ji ba adadi. Ina shirin wucewa gaba sai ta dafa hannuna.

"Tsaya. Da ya yi ihun, an bar shi ya sha ruwa tukuna don ya yi hankali?"

Na duba, na ce, "A'a, Mama. Nan take aka miƙa hannu aka kama shi."

"Faɗan fa? Na san an yi masa faɗa a kan ƙarancin bangaskiya."

"An yi. Amma sai da aka riƙe shi tukuna."

Ta kori ƙuda daga kan kifi. Can ta ce, "Wato yana hannu ake yi masa faɗan."

"Haka yake a rubuce."

"Kuma ba a kore shi daga cikin almajirai ba."

Na yi dariya na ce, ina fa, ai shi ne ma daga baya ya tsaya gaban jama'a yana wa'azi. Mama ta ce ita duk shekarun nan faɗan kawai take ji a labarin, ba ta taɓa lura da wanda ya riga wani tsakanin hannun da faɗan ba. Wata mata ta zo sayen manja, Mama ta auna mata, ta yi mata gyara har sai da matar ta dube ta da mamaki.

Na sha tunanin wannan yammacin. Mama 'yar kasuwa ce, ta saba ba a zuwa karɓar kaya hannu wofi. Ina jin a ranta ta ɗauka ƙarfin hali ne abin da za ta kawo, sai ta tara shi ya cika sannan ta cancanci zuwa. Mu da muke rera waƙoƙin alheri kowace Lahadi, da yawanmu haka muke yi ba tare da mun sani ba. Muna faɗa da baki cewa kyauta ce, amma muna tsaye a bakin ƙofa muna lalube ko akwai abin da za mu miƙa.

Ba ta ce mini komai ba a ranar. Sai a makon da ya biyo baya, da muka je Argungu sari tare, na ji ta tana faɗa wa Inna. Muna zaune a zauren banda, hayaƙi na tashi, tarwaɗa a jere kan waya sun yi ja.

"Hajiya, ina so a yi mini wankan nan namu na coci. Amma ramin simintin nan ba zan iya ba. Kamar rijiya nake ganinsa."

Inna ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta san zancen tsoron tun da daɗewa. Ta ce, "To mi ya hana ki zo gulbi? Gulbi ai ba faɗawa aka yi ba, takawa aka yi sannu-sannu. Akwai wuri can ƙasa da mashaya, rairayi ne zalla, yanzu da bazara ruwan bai wuce ƙugu ba."

Mama ta ce, "Gulbi fa kika ce, Hajiya?"

"Gulbin ga da muke ci muke sha cikinai. Addininku naku ne, namu namu ne, Madam, amma ke tawa ce. In kin yarda, Malam ya tsaya da jirgi kusa."

Fastonmu na lokacin matashi ne, siriri, sa'an ƙanena. Da Mama ta je ta same shi da maganar, ya miƙe tsaye daga kujera don murna. Ta ce masa, "Ɗana, zauna ka ji sauran. Tsoron bai tafi ba. Yana nan daram. Da shi zan zo."

Ya ce, "Mama, ki zo da shi. Ai ba jarumai aka ce a yi wa baftisma ba, masu bi aka ce."

Ya yi magana da 'yar ƙaramar ikilisiyar da ke Argungu, su ma suna da mutane kaɗan da ke jira, aka haɗa aka sa rana, Asabar kafin Ista.

Da safe muka cika bas da 'yan zumuntar mata, kowace da anko, tulu da kacau-kacau a cinya. Tun kafin mu bar gari suka ɗauki waƙa. Muka wuce Zauro, shinkafar rani ta yi kore shar a fadama, injinan ban-ruwa na ta ƙara. Mama na gefen taga da farar riga, ba ta waƙa. Tafin hannunta da ke cikin nawa ya jiƙe sharkaf. Na raɗa mata cewa idan ta fasa babu wanda zai ga laifinta. Ta harare ni ta ce, "Ke, rufa mini baki, addu'a nake."

A bakin gulbi mun tarar da Malam, mijin Inna, dattijo mai farin gemu, ya riga ya kafe jirginsa da gora a ɗan nesa. Ya ɗaga mana hannu, ya nuna wa Fasto inda zai tsaya, sannan ya juya gefe yana gyaran komarsa ta kamun kifi, don kada ya zura wa sha'aninmu ido. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarma can ƙarƙashin wata bishiya ta zauna da manyan kuloli a gabanta.

Aka fara da matasan Argungu, suka shiga suka fito ana tafi. Sai aka kira Mama. Na raka ta har inda ruwa ke lasar rairayi. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya. Ta sa ta biyu. Mata suka sassauta waƙa. Tana tafiya kamar mai taka ƙaya, leɓenta na motsi, ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Daga cikin jirgi Malam ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Taho dai, Madam, ƙasa na nan ƙarƙashinki."

Ta isa wurin Fasto ta kama damtsensa da hannu biyu. Ya tambaye ta ko ta gaskata da Yesu Almasihu, Mai Cetonta. Ta amsa da ƙarfi har wasu masu wanki a tsallake suka waiwayo. Ya ce ta saki hannunsa ɗaya ta toshe hanci. Ta ce, "Ba zan saki ba."

"Mama, ɗaya kawai."

"Ɗana, ko rabin ɗaya."

Sai ya haƙura, ya yi mata baftisma haka nan cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ita baya. Mama mace ce mai jiki, shi kuwa na faɗa muku siriri ne. Da ta tafi sai ta tafi da shi. Ruwa ya rufe su duka biyun. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Malam har ya ɗaga gora zai turo jirgi, sai ga su sun ɓullo tare, Fasto na tari, tabaransa na rataye a kunne ɗaya, Mama kuwa har yanzu tana riƙe da shi gam.

Ta buɗe ido ta dube mu. Ta dubi ruwan da ke kewaye da ita. Sai ta fashe da dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ta yi ba tun rasuwar mahaifinmu, tana yi hawaye na gangarowa suna haɗuwa da ruwan fuskarta. Bakin gulbi ya kaure da guɗa. Wata tsohuwa ta ce yau Fasto ya samu baftisma ta biyu kyauta. Shi ma dariya yake yi yana neman takalminsa da ƙafa. Matar da aka ba riƙon tulu ta kasa buga shi daidai, Mama ta fito ruwa na zuba daga jikinta, ta karɓe abinta ta zauna a kan rairayi ta ba shi wuta. Aka yi rawa har ƙura ta tashi.

Da aka natsa, Inna ta aiko a ce mu matso. Shinkafa ce dafa-duka da farfesun giwan ruwa, ta ce tun jiya Malam ya ware kifin bai kai kasuwa ba. Ta lulluɓa wa Mama busasshen zane a kafaɗa tana cewa, "Kin gani? Mi ya cinye ki?"

Mama ta ce, "Hajiya, na ji tsoro har cikin ƙashina."

"Amma kin shiga."

"An dai riƙe ni," in ji Mama. Fasto da ke gefe yana shanya rigarsa ya ce shi dai a iya saninsa shi aka riƙe, aka sake kwashewa da dariya.

Muna cin abinci ina kallon mutanen da suka taru a inuwar nan. Matan zumunta da ankonsu, matasan Argungu da jiƙaƙƙen gashi, Inna na ƙara wa kowa romo, Malam can gefe ya yi alwala zai yi azahar. Na tuna yadda Yesu ya yi yawancin koyarwarsa a irin wannan wuri, bakin ruwa, cikin masu kamun kifi da ƙarnin kifi, kuma mutanen da ya kira su bi shi ba gama shiri suka yi ba kafin su tashi. A hanya suka koyi abin da suka koya, suna tuntuɓe ana ɗaga su. Ni da aka yi wa baftisma tun ina budurwa, ba tare da wata fargaba ba, sai a ranar na fahimci abin da aka yi mini.

Ran Litinin na biya kasuwa kamar kullum. Tun daga nesa na hango Mama a gaban rumfa ta karkata kai gefe ɗaya, tana tsalle da ƙafa ɗaya kamar yarinya mai wasan 'yar gala-gala. Maƙwabciyarta mai sayar da albasa ta riƙe baki tana tambaya ko lafiya.

"Ruwa ne ya shige mini kunne," in ji Mama.

"Ruwa kuma? Ke da ko ruwan sama gudu kike?"

Mama ta jawo mata kujera ta ce, "Zauna ki sha labari." Ta juyo gare ni, "Ke kuma ki kula mini da masu saye, wannan zancen ba gajere ba ne."