Tsimin da Na Ba Alhajin Maraɗi

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, bizar da yawa daga cikinmu, baƙin 'yan kasuwa a can, ta mutu, aka kuma ƙi sabunta mana. 'Yan sanda na tare baƙar fata a bakin tashar unguwarmu, Xiaobei, suna tambayar fasfo. Ni da wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai sarin jakunkunan mata a kasuwar Shiling, muka lafe a ɗaki ɗaya. Shi mutumin Allah ne. Ni kuwa a aji uku na bar firamare, sauran karatun a mashayar Sabon Gari na ƙarasa shi.

A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwa mai sayar da laici, ɗan itacen nan mai jan ɓawo da farar tsoka. Ita ta koya mini aikin, da hannu, don ba ma jin juna. A ɓare, a cire ƙwallon, a jera a kwalba, a bi da dunƙulen sukari, a sake jerawa, sannan a tuttula giya ta rufe shi. Ni giyar jin na zuba, ita na sani. Ta ɗaga yatsu uku, wato wata uku a cikin duhu. Na tura kwalbar ƙarƙashin gado, bayan kwalin takalma. Don kaina na yi, kada in yi wa kaina ƙarya.

Kafin wata biyu ciwon ciki ya kwantar da Alhaji. Asibiti sai da fasfo. Maganin kanti ya daina yi masa komai, yana cizon filo don kada maƙwabta su ji. Wata ranar Talata da la'asar na jawo kwalbar na tsiyaya masa a kofin shayi.

"Mine ne wanga, ɗan Kano?"

"Tsimin Sinawa ne, Alhaji. 'Ya'yan itace da sukari."

"Yana da yaji."

"Citta ce."

Ya sha, ya yi barci har magariba, irin wanda ya kwana ashirin bai samu ba. Daga nan kullum sai ya ce, "Ɗan Kano, ina cittar taka?" Ni kuma in miƙa.

Ana jibi zai rasu ya riƙe hannuna. "Ban tara komi ba," ya ce, "amma zan iske Ubangijina barasa ba ta taɓa harshena ba. Da wannan nike taƙama."

Na ce, "Amin, Alhaji." Kofin na hannuna.

Da ya cika, 'yan sandan da muke gudu suka zo, suka rubuta abin da za su rubuta, har da ni. Wannan bai dame ni ba kamar warin giya a bakin Alhaji. Mutanen Maraɗi suka taru za a yi masa wanka, na ce ya bar wasiyya ni zan wanke shi. Ƙarya ta biyu ke nan. Na naɗe ƙyalle a yatsa, na goge haƙoransa da harshensa sau uku, na ƙara na huɗu, har mai zuba mini ruwa ya ce, "Malam, ya isa haka." Ba wanda ya shaƙi komai. Suka ce ya tafi da tsarkinsa, kuma haka aka kai labari gida.

Sauran kwalbar ya kamata in zubar. Sai da ta cika wata ukun tsohuwa, kwana biyu kafin a sa ni a jirgi a mayar da ni gida, na zauna a gefen katifarsa na shanye.