Injin Korar Tsuntsaye

Duk lokacin da na ji ƙaurin dalma tana narkewa a shagon mai gyaran rediyo, sai in tuna zauren Kawu, a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi aikin lantarki a kamfanin gurzar auduga a Funtua, da aikin ya ƙare ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta, da faifan sola, da buhun wayoyin lantarki.

Ba ya yarda yaro ya tsaya kallo, sai dai ya sa hannu. Shi ya koya mana cewa kwamfuta ba ta da wayo, abin da ka rubuta mata shi take yi, layi bayan layi. Ranar da na rubuta umarnin da ya sa ɗan akuya ya yi tsalle a fuskarta, kasa cin tuwo na yi don murna.

To amma idan dawa ta fara nuna, aikina korar tsuntsaye ne. Wata rana ina zauren Kawu, tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonarmu suka yi ɓarna. Baba ya zo ya same ni a zauren. Ya zaro waya daga buhun, ya yi ta zuba mini har bayana ya fashe, jini ya jiƙa rigata. Kawu ya shiga tsakani, bulalar ƙarshe a hannunsa ta sauka.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ita da kanta za ta haɗa abin da zai tsare maka gonar."

Muka haɗa shi da injin tsohuwar fanka, da gwangwanayen madara, da batir, da ɗan allon lantarki kamar kwalin ashana. Ni na rubuta masa umarni: ya kaɗa, ya yi shiru, ya sake kaɗawa ba zato, don kada tsuntsaye su saba. Baba ya daɗe tsaye a gabansa yana kallo. Da yamma ya ɗauke naman kwanonsa ya sa a nawa.

Shekara na zagayowa 'yan bindiga suka zo. Bayan la'asar ne, ni da Kawu muna gona da kwamfutar muna gyara umarnin, sai muka ji babura. Ya tura ni cikin dawa.

"Kwanta. Ko me kika ji, kada ki ɗaga kai."

Na ɗaga. Na ga sun zagaye shi, suna cewa da wannan abin yake kiran sojoji. Ya ce na tsuntsaye ne. Ɗaya ya buga masa gindin bindiga a baki, haƙoransa suka zube a kan kunya. Suka tattake kwamfutar, suka harbe shi a ƙirji. A daidai lokacin injin ya fara kaɗa gwangwani kamar yadda na umarce shi, ƙararsa ce ta rufe kukana. Daga can na hango rumbunanmu suna ci da wuta.

Baba ne ya ɗauko gawar a kafaɗa. Bayan mun gudo Funtua, shi ya kama hannuna ya kai ni inda ake koyon kwamfuta, ya ce wa malamin, "Ta iya. Ka ɗora mata."

Yanzu ni ke koyarwa, kuma yawancin yarana daga ƙauyukan da aka tasa suke. Kwanan nan wata ƙaramar yarinya ta nuna mini wasan da ta haɗa. Babura suna nufo gari, kai kuma kana cika rafi da ruwa don su kasa haurowa. Na yi ta bugawa, na ƙi cika rafin da gangan, amma ko babur ɗaya bai haye ba. Na tambaye ta me zai faru idan sun shigo.

"Ba sa shigowa, Malama," ta ce. "Ban rubuta musu wannan ba."